Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Shagon Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tsami don rabona da riƙe biro shekara goma sha tara ke nan, ni Gwadabe mai buga takardu a unguwar Bagama nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da kwastomomi rasuwar kwamfutata, wadda duk layinmu ya sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Talata bayan la'asar a kan teburinta, bayan gajeruwar jinya da wani mai ilimi ya jawo mata. Wanda ya ga wannan sanarwa rubuce da hannu, layukanta na hawa suna gangara, ya yi haƙuri. Mai buga sanarwar rasuwar mutanen Suleja ce yau ake sanar da tata.

Ta tafi da amanar mutane da yawa, kuma ta tafi da tawa: wasiƙa mai layi goma sha ɗaya da marigayiya mai ɗakina ta rubuta mini, wadda babu kwafinta ko'ina a duniya. Zan dawo kan wannan, bari in fara ba mamaciya haƙƙinta.

Kamar yadda muka saba yi wa manya, ban nemi sanin tarihinta ba sai da ta mutu. Chimdindu mai gyaran kwamfuta ne ya binciko a wayarsa ya karanta mini. Ashe 'yar babban gida ce. Wani kamfani na ƙasar waje, wanda ba zan kama sunansa ba tunda bai aiko da ta'aziyya ba, shi ya ƙera tsarin da ke tafiyar da ita. Shi wannan tsari ba ya magana da ƙarfen kai tsaye. Sai ya fara gina wata kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaskiya, ya shiga ciki ya rufo ƙofa, duk abin da zai faɗa sai ya bi ta bakin tafinta. Masu shi suka ce hikimar ke nan, wai duk irin ƙarfen da aka kai shi zai zauna lafiya. Mu mutanen Suleja ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san ɗan haya da zai shekara goma yana kwana a garinmu, adireshinsa na Abuja, ko sunan mai unguwa bai sani ba.

Ranar da aka fito da tsarin, an ce shi zai binne duk sauran. Ba a cika shekara uku ba kamfanin ya fitar da sanarwa mai layi biyu cewa ya daina yin sa. Kafin labarin ya iso nan, wani ofishi a Abuja ya riga ya sayi guda arba'in. Aka yanka ƙyalle, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoton babban oga yana danna wadda ko wuta ba a jona mata ba, sannan aka kulle su duka a sito. A shekarar 2006 aka yi gwanjonsu tare da kujeru masu ƙafa uku. Na ɗauko ɗaya, na rungume ta a bayan a-kori-kura tun daga Zuba har gida. Chimdindu ya ce a wannan rana shekara bakwai ke nan da iyayenta suka sanar da mutuwarta. Ashe gawa na sayo. Ita ba ta sani ba, ni ban sani ba, muka yi shekara goma sha tara muna neman abinci tare.

Marigayiya Gwaggo mai natsuwa ce, ba ta san gaggawa ba. Idan na kunna ta da safe sai ta ce "tiit", ta yi shiru kamar ta fasa, can kuma ka ji "gurrr, ƙas-ƙas-ƙas", wato tafinta ya tashi yana neman takalminsa. A tsakanin nan nakan je wurin Maman Godiya mai ƙosai a ƙofar shagona, in sayi karin kumallo, mu gaisa, mu zagi masu ɗauke wuta, in dawo in tarar da ita ta kusa shiryawa. Masu raina ta sun sha cewa mota daga Madalla zuwa Zuba ranar Litinin ta fi ta sauri. Gaskiyarsu ce. Amma kwamfutocinsu masu sauri nawa muka raka kabari a layin nan?

Cuta ba ta taɓa kama ta ba, don ƙwayoyin cutar zamani ba sa jin yarenta. Filashi kuwa ko kallonsa ba ta yi, sai a soka mata ta yi kamar ba da ita ake ba. Intanet ba ta taɓa leƙawa ba. Saboda haka ba ta gulma, abin da ya shiga cikinta ya shiga ke nan. Ta buga wasiƙun neman aiki da suka tafi Abuja ba su dawo ba. Ta buga katin ɗaurin aure da tsarin sujadar coci a rana ɗaya ba ta haɗa su faɗa ba. Ta buga takardar korar ɗan haya da safe, da yamma ta buga wa ɗan hayan takardar roƙo. Ta san ma'aikacin da aka haifa sau uku a shekaru daban-daban, kuma har ta koma ba ta tona masa asiri ba.

To, ga tawa amanar. A shekarar 2014, lokacin da ciwo ya kama mai ɗakina, idan mun dawo daga asibiti takan ƙi wucewa gida, ta ce zaman kaɗaici ya ishe ta. Sai ta zauna a kan benci tana kallon ina aiki. Da wasa na fara nuna mata haruffa, ta riƙa dannawa da yatsa ɗaya tana dariya, ta ce ita da Gwaggo saurinsu ɗaya. Bayan rasuwar mai ɗakina da kwana arba'in ina neman takardar wani kwastoma na ci karo da fayil ɗin da ba ni na yi ba. Ashe ranar da na fita sallar azahar na bar ta a shago ta zauna ta rubuta. Shekara ashirin da biyu muna tare, ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "Malam" sai "Baban Ikilima", kamar yadda iyayenmu mata suka koya musu. Amma kalmar farko a wasiƙar nan sunana ce, ƙarara. Na yi kuka a ranar, kuma ba na jin nauyin faɗa yanzu.

Mai hankali zai tambaya: kai da ke da firinta a gefen hannunka, me ya hana ka bugawa? Kunya ce ta hana ni. Na san takarda, ita nake ci ita nake sha, ba ta da sirri. Duk Asabar Maman Godiya na kwashe takardun da suka lalace a shagona ta naɗe ƙosai da su. A gida kuma ga 'ya'ya, ga surukai masu buɗe akwati da sunan shara. Na kasa jure tunanin wani ya ga abin da matata ta rubuta mini. Sai na bar shi a cikin wadda ba ta magana da kowa. Kullum da safe, idan Gwaggo ta gama ƙas-ƙas ɗinta, kafin kwastoma ya shigo, nakan buɗe in karanta in rufe. Shekara goma sha ɗaya ina buga takardun kowa, tawa guda ɗaya na bari.

Ajali ya zo ranar Lahadi cikin farar shadda, da katin shaidar ofis rataye a wuya, duk da ba ranar aiki ba ce. Faruk ke nan, maƙwabcina, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda ke haya a gidan da ke bayanmu yana aiki a Abuja. Ya kawo filashi a buga masa takarda, Gwaggo ta yi masa abin da ta saba.

"Haba Baba, wannan system ɗin ai outdated ne," in ji shi. "Minti biyar kawai, in yi mata update, ka ga yadda za ta riƙa gudu. Mu a office kullum muna yi."

Na so in hana shi. Amma in na ce a'a zai ce don me, in na faɗi dalili kuma sai na ambaci wasiƙar. Ga shi maƙwabci, ga Maman Godiya a bakin ƙofa tana saurare. Sai na ji bakina ya ce, "To, bisimilla." An ce kunyar marar kunya asara ce, ni kuwa na ji kunyarsa har ta kai ni inda ta kai ni.

Ya je gida ya kawo wata 'yar na'ura da igiya, ya jona mata intanet karo na farko a rayuwarta. Baiwar Allah, tana jin hanya ta buɗe sai ta kira gida. Da yake mai biyayya ce, ta fara kwance tsofaffin kayanta tana jiran iyayenta su aiko da sababbi. Ina iyaye? Gidan da take kira an tashe shi tun kafin Faruk ya gama firamare. Wani rubutu ya fito a fuskarta, Faruk ya ce ma'anarsa tana jira, kada a taɓa. Ya duba agogonsa, ya tuna yana da taro, ya tafi. Minti biyar ɗinsa suka zama kwana biyu. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai in tayar da janareta don kada jiran ya yanke. Ranar Talata bayan la'asar ta yi "ƙas" sau ɗaya, ba uku ba, fuskarta ta yi baƙi. Garin neman gira aka rasa ido.

Chimdindu ya buɗe cikinta ya fi awa biyu. Ya ce ƙarfen waje na da sauran rai, ta cikin ce ta rushe, ɗaki da tafinta gaba ɗaya. Ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba ya miƙo mini.

"Oga Gwadabe, hard disk ɗin nan lafiyarsa ƙalau, everything dey inside. Amma ba machine a Suleja da ke jin yarensa, ko Abuja sef. Sai dai ka samo 'yar'uwarta, irinta sak, mu jona."

Na zauna da biro in rubuto wasiƙar daga ka. Shekara goma sha ɗaya ina karanta ta kullum, na ɗauka na haddace. Layi huɗu na samu. Sauran bakwai ɗin ido ne ya saba da su, kai bai riƙe ba.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta guda, wadda tun ranar ba ta ci takarda ba. Ta bar kibod da haruffansa suka goge, babu mai iya aiki da shi sai ni. Ta bar sitabilaiza, abokin zamanta da ya sha tare mata mugunyar wuta, ya kasa tare mata Faruk. Akwai kuma iyalan gizo-gizo da aka tarar a cikinta, an sallame su. Ta bar mayafin atamfa da mai ɗakina ta ɗinka mata don ƙura, sai kuma ni.

Ina godiya ga waɗanda suka zo gaisuwa. Maman Godiya ta kawo ƙosai ba ta karɓi komai ba, ta ce, "Sannu Baban Ikilima, ai Gwaggo ta yi ƙoƙari, ko mutum ne ya yi wannan aiki sai a ba shi award." Faruk ma ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya girgiza kai, ya ce, "Amma Baba, duk shekarun nan ba ka yi backup ba, ko kwafi ɗaya ba ka ajiye a wani wuri ba?" Na dube shi, na dubi sitabilaiza, na tuna nauyinsa, sai na yi ta'awizi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Za a yi mata wanka da buroshi da busasshen ƙyalle ranar Alhamis da hantsi a shagon Chimdindu, daga nan 'yan gwangwan su ɗauki gangar jikin zuwa makwancinta. Za a yi zaman makoki kwana uku a kan bencin ƙofar shagona. Ba a buƙatar sadaka. Faruk na iya zuwa, amma ya bar igiyarsa a gida.

Ɗan akwatin ƙarfen ba za a binne shi ba. Na naɗe shi a mayafin atamfar na ajiye. Su arba'in aka yi gwanjo a waccan rana, saura talatin da tara. Don Allah duk wanda ya san inda ɗaya take, a Izom ne ko Sabon Wuse, a siton makaranta ko a bayan coci, ko an mai da ta kujerar zama, ko kaza na ƙwai a kanta, ya zo Bagama ya tambayi shagon Gwadabe. Ba saya nake so ba, aron safiya ɗaya nake roƙo. Na tanadi takarda, na cika firinta da tawada. Wannan karon zan buga, ko da duk layin zai taru ya karanta.

In kuma aka samo ta bayan ba ni, a ba wa Ikilima takardar. Mai nema ba zai sha wahala ba, fayil ɗin sunan mai shi gare shi, sunan da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba: Tayyiba.

Sanarwa daga mijinta, Gwadabe.