Anaruwa da Keken Inna

A Tudun Gawo, can ƙarshen gari inda hanya take karyewa ta gangara rafi, akwai wani gida mai mutum uku da akuya guda. Akwai Inna Gaje, tsohuwar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Akwai 'yarta Tasalla mai daddawa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, mace mai aiki da saurin fushi. Sai autan Inna, Anaruwa, ƙato ne har gemunsa ya fara furfura, ga ƙarfi ga farar zuciya. Matsalarsa ɗaya ce tak: duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauka ya rungume, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta da shi, to gobe can za ka same shi, raɓa ta jiƙa masa hula. Mutanen gari wawa suke ce masa, amma in kayansu ya yi nauyi shi suke nema.

Inna Gaje ba 'yar Tudun Gawo ba ce. Garinsu yana ƙarƙashin ruwa. Tana amarya aka tare kogi, aka kwashe su aka hau da su tudu, ruwa ya shanye gidaje da rijiyoyi da kaburburan iyayenta. A ƙofar gidansu akwai wata kirya, itacen da ko gara ba ta iya masa, kuma kusan kullum Inna sai ta yi mafarkinta. Da safe ta ce, "Auta, jiya ma na je gida." Shi kuwa sai ya duƙa ya taɓa bakin zaninta, ya ji ko ya jiƙe.

Wata rana malamar asibiti ta zo da keken guragu sabo ful, kyautar ƙungiyar matan gari. Ta haska idon Inna da 'yar fitila, ta ja Tasalla gefe ta gaya mata cewa ganin yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. Sannan ta juyo ga Anaruwa ta ce, "Ka saurara da kyau. Duk inda ka ga gangare, ka juya Inna ku sauka da baya, don kada ta kifa." Ya ce, "Duk inda na gani?" Ta ce, "Duk inda ka gani." To, Tudun Gawo kuwa gari ne da in ka cire gangare babu abin da ya rage. Tun daga ranar Anaruwa ya koma tafiya da baya. Da keke da baya, da tulu a ka da baya, zuwa masallaci ma da baya, har ya zauna daɓas cikin tukwanen mai ginin tukwane ya fasa masa aikin mako. Tasalla ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Inna kuwa abin daɗi ya yi mata, ta ce ita ba ta taɓa ganin gida yana tafiya ya bar mutum a hankali haka ba.

Wata rana Maikano direba, mai kai 'yan kasuwa birni a a-kori-kura, ya tsaya sayen daddawa ya kawo labari. Ya ce an buɗe gidan wasa a bakin birni, da wani lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, tsawonsa ya fi giginya. Ya ce, "Wallahi Inna, an ce daga samansa ana hango tafkinku. Yanzu da bazara ta janye ruwa, har kan wani busasshen itace ya fito a tsakiya." Bayan Maikano ya tafi, Inna ta ce, "A kai ni." Tasalla ta ce tsohuwa da lilo, me mutane za su ce? Inna ta ce, "Su ce. Kiryarmu ce, ruwan sama yana zuwa ya rufe ta, idona ma yana rufewa. Ban san wanda zai riga wani ba." Daga nan Tasalla ba ta ƙara musu ba.

Wata rana, ranar kasuwa ce, aka shirya su. Tasalla ta ja kunnen Anaruwa ta ce, "Da azahar Inna ta sha nononta da ɗuminsa, kamar yadda ta saba." Nono mai ɗumi kuwa a jikin akuya yake, don haka ya ɗora akuya a mota tare da keke. A ƙofar gidan wasa maigadi ya tare su ya ce, "Malam, dabba ba ta shiga nan, sai wadda take yi wa marar gani jagora." Anaruwa ya yi tunani mai tsawo. Ya ɗaure igiyar akuya a gaban keke, ya cire ƙyallen wuyansa ya ɗaure idonsa tamau, ya kama keken ya ce, "Bismillah, ja mu." Kafin maigadi ya gama dariya sun shige. Akuya ta ɗauki aikinta da gaske. Ta kai su wajen furanni ta yi kalaci, ta kai su teburin mai gugguru ta kifar, Inna tana ta kiran "Auta, hagu! Auta, dama!" shi kuwa yana cewa, "Inna, ba ni ke jagora ba." Daga ƙarshe ta ji ƙishirwa ta nufi kwatamin ruwa mai tsartuwa, su duka uku suka tsaya a ciki har gwiwa. Aka rako su waje. Lilon yana ta juyawa a bayansu, ko kusa da shi ba su je ba.

Wata rana suka koma, ba akuya, nono yana cikin gora. Sun isa har gindin lilo. Anaruwa ya ɗaga kai hularsa ta faɗi. A gefe akwai rumfa da aka jera kekunan jarirai, da wata ma'aikaciya mai jar riga tana nuna wa iyaye wuri. Ta ce masa, "Duk keken da ake tura mutum a ciki nan ake ajiye shi, mai turawa ya je ya bi layi." Ya tura Inna tsakanin kekunan jarirai, ya daidaita ta tsaf, ya taka birki, ya tafi layi shi kaɗai. Inna ta ɗauka tikiti ya je karɓowa. Mata suka ga tsohuwa zaune a inuwa, wannan ta ce, "Iya, ga nawa ki duba min," waccan ma haka, kan ka ce kwabo an kewaye ta da jarirai. Ta yi ta yi musu waƙar raino ta garinsu, iska tana kaɗa rumfa, har barci ya kwashe su gaba ɗaya, da ita da su. A can kuwa layi ya kai kan Anaruwa, mai lilo ya ce, "Shiga," ya shiga. Yana saukowa wuta ta ɗauke, lilo ya tsaya, Maikano yana ta danna oda a bakin ƙofa. A mota Inna ta kama hannunsa ta ce, "To kai da ka hau, ka gan ta?" Ya ce, "Tsoro na ji, Inna, na rufe ido." Ta yi dariya har ta riƙe ciki, can kuma dariyar ta koma kuka. Anaruwa bai san laifin da ya yi ba, amma ransa ya ɓaci ƙwarai, ranar ko tuwo bai ci ba.

A makon nan hadari ya fara haɗuwa a gabas, aka yi yayyafin farko, ƙasa ta yi ƙamshi. A makon nan ne kuma Inna ta kalli Tasalla ta ce, "Wace ce?" Fuska ta daina rabe mata. Abin da ya rage mata haske da duhu ne kawai, ƙofar ɗaki fara, bango baƙi.

Wata rana da la'asar sakaliya suka koma karo na ƙarshe. Tasalla da kanta ta bar daddawa ta biyo su, ta ce yau ba mai ba wannan yaron umarni sai ita. Mai lilo ya gan su ya ce masu keke ba sa bin layi. Anaruwa ya sungumi Inna kamar jaririya ya zaunar da ita a kujerar lilo, ya zauna kusa da ita, mai lilo ya ce, "Ka riƙe ta da kyau." Tasalla ta tsaya a ƙasa riƙe da keke, don ita ko tsani ba ta hawa. Kujerun nan duk birni suke fuskanta, saboda abin da mutane suke biya su gani ke nan, benaye da hasumiyoyi. Lilo ya ɗaga. Hayaniya ta yi ƙasa ta zama kamar kukan ƙudan zuma, iska mai sanyi ta shiga mayafin Inna, shirwa ta wuce su a kafaɗa. Wannan karon Anaruwa bai rufe ido ba, don an ce ya riƙe ta da kyau. Inna ta ware ido iya ƙarfinta, ta juya nan ta juya can. Ta ce, "Auta, ba na ganin komai. Toka ce kawai." Ta sauke kai ta ce, "Shi ke nan. Na makara."

Daidai nan kujerarsu ta kai ƙololuwa ta fara sunkuyawa. Anaruwa ya leƙa ƙasa, ya ga gangaren da bai taɓa ganin irinsa ba tun da aka haife shi. Ya ce, "Inna, gangare!" Ya miƙe tsaye a sararin Allah, ya ɗaga tsohuwa cak ya juya ta, ya durƙusa ya rungume ta ta baya. Kujera ta yi ta lilo kamar za ta tsinke. Mutane suka sa salati, Tasalla ta ɗora hannu a ka tana ihu, mai lilo ya finciki birki da hannu biyu. Komai ya tsaya cik, su biyu suna rataye a can sama, sun ba birni baya.

A bayan lilon, inda ba mai kallo, rana ta sauko ta kwanta a kan tafki. Ruwan duka ya kama haske, fari fat tun daga wannan gaɓa har waccan, kamar sabon faranti. A tsakiyar hasken nan kuwa ga wani abu baƙi siriri a tsaye, da reshe biyu, ɗaya ya miƙe ɗaya ya karkace. Haske da duhu, abin da ya rage wa idon Inna ke nan.

Ta ɗaga yatsa ta nuna ta ce, "Ga ta nan. Ga karkataccen reshen da muke ɗaura lilo." Ta ce zauren babanta yana dama da ita, rijiya tana baya, ɗakin innarta kuwa ga shi can inda ruwa yake ƙyalli, yanzu kifaye ne suke shiga suna fita ba sallama. Ta yi wa mutanen gidan sallama ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Anaruwa ya ce, "Sun amsa, Inna?" Ta ce, "Sun amsa."

Da aka sauko da su a hankali, mai lilo ya taso da faɗa kamar zai ci Anaruwa ɗanye, Tasalla ma ta tattare hannun riga. Anaruwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama ce ta ce duk inda na gani." Inna ta ce, "Ku rabu min da yaro." Tasalla ta dubi fuskar uwarta, hawaye ya jiƙa ta amma tana murmushi, sai ta saki hannun rigarta ta gyara wa ƙaninta hula.

Ba a yi nisa ba damina ta sauka sosai, Maikano ya ce ruwa ya rufe itacen. Ganin Inna ma ya ƙarasa tafiya, ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Har yanzu in la'asar ta yi, za ka ga Anaruwa yana gangarowa da ita hanyar rafi, da baya kamar kullum, akuya tana biye. In ƙafar keken ta hau dutse sai ka ji Inna ta ce, "A hankali, Auta, kada ka girgiza min ruwan, ina kallo." Shi kuwa sai ya rage sauri, yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike.