Ajayil, Ka Mai da Dattijo Ma'aunin Rashin Ganewa

Zuwa ga Mai Girma Ajayil,
Sarkin Hanzari, Uban Tafiyar masu gina manhaja, wanda ba shi da ofis balle masinja,
ta hannun duk wanda ya san inda yake kwana.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, in kana da su, da ban gajiya, ko da yake an ce kai ba ka gajiya. Na tsawaita gaisuwar da gangan, don a takarda ne kawai ba za ka iya katse ni ba.

Sunana Garzali Ɗantani, mutumin Dagumawa, ma'aikacin sakatariya da aka ba hutun ƙaro ilimi, na zo nan Wudil ina karatun kwamfuta tare da yaran da na kusa haifa. Baba suke ce min, ni ma na daina musu. Bana ce shekarata ta ƙarshe, kuma da ita hutun zai ƙare. In na faɗi kwas ɗin aikin ƙungiya, zan koma ofis hannu rabbana, ofishin da tun ranar da na tafi suke kirana Injiniya. Malamarmu Dakta Rahinatu ce ta kawo mana kai, ta ce kai tsarin aiki ne da ake gina manhaja da shi kaɗan-kaɗan, cikin hanzari. Ta raba mu huɗu-huɗu, ta ce kowace ƙungiya ta gina wa mutum na gaske manhaja bisa tsarinka, kuma duk wanda 'yan ƙungiyarsa suka shaida bai tsinana komai ba, sai ya dawo baɗi. Ni aka haɗa ni da Safiyya da Ridwan da Murja. Mai aikinmu shi ne Malam Halliru, sakataren manoman Lajawa, masu injin casar shinkafa guda ɗaya da rigimar layi ba iyaka. So suke manomi ya kama layi ta waya. Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya, maganar muƙami. Da aka ce ni ne sikiram masta, ni dai masta na ji. Zamanin soja na fara aiki, lokacin da in oga ya yi tari sai a buɗe masa fayil. Don haka na ɗinka sabuwar shadda, na sayi jan biro, na zo a shirye. Sai Safiyya, wadda ta fi mu iya aikin duka, ta buɗe littafi ta karanta min cewa nauyin da ke kaina shi ne in share wa ƙungiya hanya: in nemo aji mai soket, in kawo takardun mannawa a allo, in bi sawun mai janareta. Ranka ya daɗe, a sakatariyarmu mai wannan aikin yana da suna, kuma ba masta ba ne. Na san an koma mulkin farar hula, har layi na bi na jefa ƙuri'a. Amma wa ya gaya min abin zai biyo ni har cikin kwamfuta?

Na biyu, taron tsaye. Ka wajabta mana haɗuwa kullum da safe, a tsaye, wai don kada taro ya yi tsawo. Shin ka tuntuɓi gwiwata? Kuma ka taɓa ganin inda mutum huɗu suka haɗu a ƙasar Kano suka faɗa zance kai tsaye? Kafin in tambayi kowa kwana da gajiya da mutanen gida da jikin kakar Murja, wayar Ridwan ta yi ƙara, wai lokaci ya cika. Yaron nan agogo ya saita wa gaisuwata.

Na uku, kuma nan ne ka fi cutata. A taron nan ka ce kowa ya amsa tambaya uku: me ya yi jiya, me zai yi yau, me ya tare masa hanya. Biyun farko da sauƙi, ko a ofis mun saba ƙirƙiro amsarsu. Amma ta ukun, wa ya ba ka shawararta? Mu mutane ne da likita zai same mu a kwance ya tambaye mu jiki, mu ce da sauƙi. Ta yaya dattijo zai tsaya gaban yara ya ce abu ya gagare shi? Kullum sai in ce ba komai, alhamdu lillahi. Su ma, don kunya, sai su ce ba komai. Alhali ɓangaren da aka ba ni, wato mai karɓar saƙon manomi ya sa shi a layi, ko motsi ba ya yi. Abin mamaki, in na bar shi a lalace, washegari sai in tarar yana aiki. Har a majalisarmu ta bakin kasuwa na ba da fatawa cewa kwamfuta kamar ɗan Adam take, in ka ƙyale ta ta kwana sai ta dawo hayyacinta. Wani tela ma ya ce zai gwada da kekensa. Ashe Safiyya ce take goge abin da na rubuta tana sake shi, sannan da safe ta rusuna ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari."

Na huɗu, ka ce duk bayan mako biyu a nuna wa mai aiki abin da aka gina, ya faɗi ra'ayinsa. Malam Halliru yakan zo, ya zauna, ya kalli allo, ya ce, "Madalla, madalla. Allah ya yi albarka." Mu tafa wa kanmu. Sai yana sa takalmi a bakin ƙofa, ya waiwayo kamar wanda ya tuna wani ɗan abu, ya ce, "Sai dai fa mutanen namu, yawanci wayarsu mai tocila ce." Mu kuwa mun ɓata mako biyu muna zaɓen launin maɓalli. Littafinka ya ce a yi maraba da canji ko da ya zo a makare. Na yarda. Amma me ya sa bai faɗi cewa a Wudil ainihin taron a bakin ƙofa ake yinsa ba?

Na biyar, zaman waiwaye, inda kowa zai rubuta abin da ya lalace a 'yar takarda ba tare da suna ba, a manna a allo. Wannan sirri ne, ranka ya daɗe, a ƙungiyar mutum huɗu? Takardu uku aka manna, kowace ta fara da "Da girmamawa ga Baba". Ta huɗun tawa ce, ina ƙorafi a kan fanka.

A nan zan ajiye wasa. Ranar na ji tsoro na gaske. Na hango kaina ina shiga sakatariya, ana miƙewa ana cewa sannu da zuwa Injiniya, ni kuwa ba ko takarda. Na ji kunyar yaran nan, na kuma ji tausayinsu, don makinsu suke sakawa a haɗari saboda furfurata. Murja, wadda ba ta cika magana ba, ita ce ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, rubutunka ba ya aiki. Amma wallahi ban taɓa ganin wanda ya iya lalata manhaja kamarka ba." Ridwan ya karɓe, ya ce to ai shi ke nan, a karɓe min kalmar sirrin shiga rubutun manhajar, a ba ni tsohuwar waya, in zama manomin gwaji. Ya ce in Baba ya iya, kowa ma zai iya. Aka ce a ɗaga hannu. Da na ga inda rinjaye ya karkata, sai na yi abin da na koya wurin 'yan siyasa, na sauya sheƙa. Haka aka tsige ni daga muƙamin masta babu hamayya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shawarar ta yi aiki. Gwajin farko, manhaja tana jiran in aika lamba ɗaya don kama layi. Ni kuwa na rubuta sallama, na gabatar da kaina, na nemi alfarma, sannan na sa lambar. Nan take ta sume. Yara suka yi ta murna kamar an yi haihuwa, wai duk manomin Lajawa haka zai yi. Na aika saƙo sau biyu don ban tabbata na farko ya tafi ba, ta ba ni layi biyu. Na rubuta sunan rana da kuskure, ta ajiye ni a shekara mai zuwa. Duk ɓarnar da na yi sai a rubuta ta a allo da sunana, a gyara, a gode min. Safiyya ta ce wannan allon za su nuna wa Dakta Rahinatu ranar shaida. Ban taɓa samun yabo irin wannan ba a duk shekarun aikina, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Na shida, shi ne dalilin wannan wasiƙa. Garin lalatawa da kallon yadda ake gyarawa, abin ya fara shiga kaina. Shekarun da na yi ina haddar laccoci bai shiga ba, sai yanzu. Makon jiya na kama layi daga farko har ƙarshe ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na ɗago ina murmushi, na ga fuskoki sun ɓaci. Har na nuna wa Ridwan inda ya manta wani sharaɗi a rubutunsa, kuma na yi daidai. Safiyya ta ja ni gefe, idonta ya yi rau-rau, ta ce, "Baba, don girman Allah kar ka gane yanzu. Ka bari sai mun gama."

To ka ji inda ka kai ni. Akwai sauran ɓangare guda da ba a gwada ba, Malam Halliru yana jira kafin a fara girbi, makina kuma ya rataya ne a kan ɓarnar da zan iya yi. Ban nemi ka mayar min da muƙami ba, ban nemi ka sauya littafinka ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, da duk girmamawar da ta dace da kai. Ilimin nan da na bar ofis da iyali na zo nema, ka riƙe min shi a wurinka na ɗan lokaci. Ranar da aka manna sakamako, zan zo da kaina in karɓa.

Naka mai biyayya iyakar abin da ya fahimta, da alƙawarin ba zai ƙara a kai ba,

Garzali Ɗantani Dagumawa,
Ɗalibin aji huɗu, Wudil.