Ranar da Farfesan Baƙin Allo Ya Share Aikin Ajinsa

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu da rabi, malamin ƙanwata ya goge aikin wata uku na ɗalibai goma sha tara da yatsa ɗaya. Har yau bai ce a yi haƙuri ba. Ina dalili? Babban mutum ai ba ya kuskure, sai dai kwamfuta ta kasa fahimtarsa.

A yi masa adalci, mutum ne mai baiwa. Tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci, ɗaya a goshi. Katin wani taro da ya halarta shekara shida da suka wuce yana nan rataye a wuyansa. Igiyar ta koɗe, shi bai gaji ba. A cibiyar koyon kwamfutar da ke saman shagon taya, ɗalibai na kiransa Farfesan Baƙin Allo, domin a baƙin allon kwamfuta kaɗai yake rubutu. Mai launi, in ji shi, na yara ne.

Ita ƙanwar tawa shekara ashirin tana buga takardu a ofis ɗaya. Wata uku da suka wuce sabon shugaba ya zo ya ce duk wanda bai kawo takardar shaidar kwamfuta ba kafin ƙarshen wannan watan da muke ciki, kujerarsa ta zama ta wani. Abin da ya kai uwar 'ya'ya huɗu ajin Farfesa ke nan, tana koyon shel, wato jera wa kwamfuta umarni a rubuce ta bi ɗaya bayan ɗaya.

Mako biyu ya yi yana jawabi a kan sharaɗi.

"Kwamfuta ba ta da hankali, biyayya kawai ta sani! Ku rubuta mata if: idan foldar tana nan, shiga. Ku rubuta mata else: in ba ta nan, tsaya cak, ki faɗa mini. Wanda ya ba ta umarni babu sharaɗi ya fice mini daga aji, ya je ya sayar da katin waya!"

Sau biyu ya ba ƙanwata sifili a kan haka. Ta karɓa, ta gyara.

To, ran Laraba mai cibiyar ya kawo baƙi su ga aji. Farfesa ya kunna majigi, ya ce zai nuna yadda gwanaye ke share tarkace daga babbar kwamfutar da aikin kowa ke ciki. Layi biyu ya rubuta. Na farko: shiga foldar shara. Na biyu: goge duk abin da ke wurin.

Ƙanwata ta ɗaga hannu. "Malam, ba ka sa sharaɗin ba. In foldar ba ta nan fa?"

Ya cire tabarau ɗaya, ya dube ta da ɗayan. "Baiwar Allah, sharaɗi na masu rarrafe ne. Ni na san inda na ajiye kayana. Tun kina dukan tafireta da yatsa biyu nake wannan aiki."

Baƙi suka yi dariya. Ya danna.

Ashe foldar ba ta nan. Shi da kansa ya canja mata suna makon jiya, wai kalmar shara ba ta dace da kwamfutarsa ba. Ya mai da ita Ma'ajiyar Babban Mai Horarwa, ya manta. Kwamfuta ta nemi ƙofa ba ta samu ba, ta rubuta ƙorafi layi ɗaya, ta wuce umarni na biyu, ta share inda take tsaye. Inda take tsaye kuwa cikin aikin ɗalibai ne.

"Kun ga sauri?" in ji Farfesa. Baƙi suka tafa.

Sai wata mai ɗinki a bencin gaba ta buɗe foldarta ta ce, "Malam, tawa fa wayam."

Da farko ya ce cutar kwamfuta ce. Ya koma ya ce wuta ce ta yi ƙasa. Mai cibiya ya tambayi kwafin aikin ɗalibai da aka ce Farfesa ya riƙa ajiyewa duk Juma'a. Aka saka filashinsa, hotunansa ne ɗari biyu yana musabaha da mutane. A nan ne baiwar tasa ta fito fili. Ya gyara kwala, ya ce:

"Da gangan na yi. Yanzu kun ga amfanin sharaɗi a aikace. Kowa ya sake nasa, babu aiki babu takarda."

Saura kwana tara wata ya ƙare. Ƙanwata na zaune a teburina da littafinta, tana ƙoƙarin tuno aikin wata uku, abincin da na zuba mata ya huce.

Don haka, ku masu cibiyar, da ku nake. Ku rubuta wa ofishinta wasiƙa gobe, da hatiminku, ku faɗi yatsan wanda ya danna. Ku ba ta takardarta bisa makin da ke littafinku, tunda shi a takarda yake, Farfesa bai kai gare shi ba. Sannan duk ɗakin da za ku ba shi makullinsa nan gaba, ku fara kwashe abin da kuke so a ciki.