Yadda Na Binne Rana a Gidan Kawu

Shekarar da na dawo Ƙonni daga Yamai da takardar koyon zanen gini a kwamfuta, ko gaisuwa ake yi sai na sako maganar aikina. Kawu Alhaji, mai motocin ɗaukar siminti a Malbaza, ya ce yana son ganin gidan da zai gina tun kafin a haƙa tushe. Na ce ya bar mini komai.

Na zana gidan, na ƙure duk ma'aunin haske da inuwa, na yi alkawarin hoto zai fito kafin la'asar. Kwana uku kwamfutar tana huci, Inna tana yi mata fifita don tausayi.

Da kwamfutar ta gama, Kawu ya tara iyali a zaure, har da magini. Na buɗe hoton cikin isa. Baƙi ƙirin. Ashe ranar da ake sanyawa cikin kwamfutar don ta haska zanen, a ƙarƙashin ƙasa na ajiye ta.

Kawu ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, can ciki ma an ɗauke muna wuta?"

Gidan ya ginu, har jikoki sun yi wayo a cikinsa. Amma har yau, da zarar an ɗauke wuta, sai Kawu ya kira ni a waya: "Injiniya, taho ka ga zanenka ya hito."