Yadda Za Ka Fito a Fim ɗin Ƙauye da Girmanka

Yara sun gaji da fim ɗin mota da gidan sama. Yanzu ƙauye suke so: rumbu, akuya, tsoho yana tari. An ce har a birni ana zama a kalla, wai shi ne gaskiya. Wata rana za su zo ƙofarka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fito da girmanka cif. Misalina wani dattijo ne na Dauran, Gwadabe. An ce muna kama. Ba ruwanka.

1. Ka ƙi.

Dattijo ba ya amsa kiran farko. Jikarsa Zulaihat ta dawo daga karatu a Kaura Namoda da kamara, ta ce, "Maigida, fim zan yi a kan Dauran. Kai ne tauraro."

Ya ce, "Amarya, ni ba ɗan wasa ba ne."

Ta ce, "Ba komai. Baba Dogo ya yarda."

2. Ka yarda.

Dogo maƙwabcin gonarsa ne. Shekara goma sha tara ba su gaisa ba, a kan wata tsamiya da ke bisa iyaka. In abokin gabarka zai shiga fim, kai ma shiga, kada duniya ta ɗauka shi ne Dauran.

3. Ka ci ado.

Babbar riga, rawani, turare. Ba a jin ƙamshi a fim, amma kai kana ji. Gwadabe ya hau kujera ya jawo tarihin gari tun daga wanda ya fara sare daji. Awa biyu, ko ruwa bai kurɓa ba. Zulaihat tana ta gyaɗa kai. Mai yawan gyaɗa kai ba ya saurare. Riƙe wannan.

4. In an ce an gama, ba a gama ba.

A lokacin, gero ya fara nuna, tsuntsaye sun sauko. Gwadabe ya tuɓe riga ya tafi gona, ya hau rumfar tsaro, ya kama igiyar gwangwanaye yana kaɗawa. Kowa na korar tsuntsu da "Kai! Kai!" Shi da suna yake kora.

"Dogo, tashi! Ɓarawon tsamiya, geron ma sai ka ci? Ji shi, ya kwaso 'ya'ya da jikoki!"

Ya daɗe yana haka, tsuntsu bai taɓa kai ƙara ba. Ran nan Zulaihat na gindin tsamiyar, kamara a kunne.

5. Ranar nuni ka zauna a gaba.

Ranar kasuwar Zurmi ce, bayan la'asar, a gidan kallon ƙwallo. Maigari ya zo. Wuri ya cika, har aka haɗa Gwadabe da Dogo a benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kowa na duban gabansa.

Tarihi ya fito: sallama da tari ɗaya. Shi ke nan. Sai ga Gwadabe ba riga, bisa rumfa, yana kiran Dogo da dukan ƙarfinsa. Ɗaki ya ɗauka da dariya. Maigari ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suka tona shi. Gwadabe ya shiga laluben takalmi da ƙafa don ya fice. Ya sami ɗaya.

6. Kada ka tashi sai an kashe.

Dattijo ba ya fita da takalmi ɗaya, don haka ya zauna. Sai ga Dogo a allo, a hanyar kasuwa, jakinsa ya turje. Yana turawa yana faɗa.

"Haba Gwadabe! Taurin kai har tsufa? Tafi mana, Gwadabe!"

Jakin ya kwanta. Dogo ya dube shi, ya zauna a gefensa, ya ce, "To mu zauna. Ni da kai sai mutuwa."

Wani ya faɗo daga benci don dariya.

Da aka buɗe ƙofa, Dogo ya yi magana, bai juyo ba.

"Wai ni ne tsuntsu?"

"Kai ne. Ni ne jaki?"

"Wanga shi ne na biyu. Na farkon ma sunanka gare shi."

"Yana samun abinci dai?"

"Ya fi ka ci."

Dogo ya ɗaga ƙafarsa. Takalmin na ƙarƙashi.

"Ɗauki. Na take shi ne. Da ka gudu ka bar ni na sha kunya ni kaɗai."

Gargaɗi

An ce fim ɗin ya je birni, wai tsuntsu da jaki sun fi tarihin awa biyu. Allah Ya shirya.

Wanda ya bi matakan nan ya ji ana kiran sunansa a kasuwar jakai, ko ya wayi gari yana shan inuwa ɗaya da abokin gabarsa, kada ya zo ƙofata. Ban aike shi ba. Ya nemi jikarsa.

Tsamiyar kuwa ta Gwadabe ce. Zama kawai aka bar Dogo ya yi.