Yadda Za Ka Gyara Ɗakin Rediyo Har Maƙwabciya Ta Rasa Masu Niƙa

Kai da aka damƙa wa gyaran ɗakin shirye-shirye a gidan rediyon sa-kai, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Ni na shugabanci irin wannan aiki a ƙaramar tasharmu ta Kurfi. Bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari cikin wata guda ɗakinka zai yi tsit, har ka ji ƙugin cikin mai karanta labarai.

1. Kafa kwamiti

Zaɓi mutanen da ba su san komai game da sauti ba, don masani gardama gare shi. Mu mun ɗauki Malam Tukur mai shirin noma, saboda yana da babur, da Rahamatu mai labaran safe, saboda ita ke riƙe da makulli. Daɗin aikin sa-kai ke nan: wanda ba a biya, ba a korarsa.

2. Nemo abokin gaba

Namu injin niƙan Gwaggo Batula ne, dattijuwar da bango ɗaya ya raba mu da rumfarta. Shekara tara injin yana ruri a bayan kowane labari da kowace gaisuwa. Da niƙan nan take ci da jikoki huɗu, amma wannan ba ya cikin ajandar kwamiti. Kada ka kuskura ka tambayi masu sauraro ko ƙarar ta dame su. Mai tambaya ba ya ɓata, shi ya sa ba ya samun labarin bayarwa.

3. Tara kiret ɗin ƙwai

Tura mai babur Dutsin-Ma ya bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya. Manna kiret a bango har rufi. Inda ya gaza, jingina tsohuwar katifa. Toshe taga da bulo. Ɗakin zai yi ƙarnin ƙwai, kyankyasai za su tare da iyalansu, zafi kuma zai sa Malam Tukur ya gabatar da shirin noma daga shi sai singileti. Bar shi, ai ba talabijin ba ce.

4. Yi bikin buɗewa

Gayyato manya, ka rufe ƙofa, ka ce su saurara. In sun ce ba su ji komai ba, ka ce aikin ke nan. Rahamatu dai ta saba ɗaga murya sama da inji, don haka za ta ci gaba da karanta farashin gero kamar mai kiran wani a hayin rafi. Wasu za su bugo waya su tambaya ko rasuwa aka yi a tashar. Ka gode masu da kulawa.

5. Kauce wa maƙwabciya

Za ka lura layin kwanuka da buhuna a ƙofar rumfa yana raguwa. Sauya hanya. Ni ta bayan masallaci na riƙa zagayawa, har ranar da Gwaggo ta tare ni a bakin famfo.

“Ɗan nan, mi na yi maku?” in ji ta.

Na ce gyara muka yi, Gwaggo, irin na zamani. Sai ta warware mani abin da kwamiti bai sani ba. Ashe matan Barkiya da rugagen da ke kewaye ba don labaranmu suke kunna rediyo da safe ba. Injin suke saurare. In sun ji shi a bayan muryar Rahamatu, sun san akwai mai, bel bai tsinke ba, sai su ɗauko niƙa su kamo hanya. Yanzu da suka ji shiru, sun ɗauka ya mutu, sun koma wani injin. Manu ma, yaron da ke tayar wa Gwaggo da injin, ya gaji da zama ya tafi aikin gini.

Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Amma gwani ba ya rushe aikinsa da wuri.

6. Gwada dabara

Fara da sanarwa: injin Gwaggo Batula yana nan lafiya. Ba wanda zai yarda. Wata Inno daga Barkiya ta bugo ta ce ai rediyo ta sha cewa taki na nan tafe, in injin na aiki a bari su ji da kunnensu.

Sai ka naɗi ƙarar injin a waya, ka riƙa sakawa a bayan labarai. Mu mun yi kwana uku muna murna. Abin da ba mu lura ba, akwai tarin Gwaggo a cikin naɗin. Da mata suka ji tana tari a wuri ɗaya kowace safiya, sai suka aiko mata da citta da zuma, suka ce ba za su ɗora wa marar lafiya aiki ba.

7. Ɗauko guduma

Fasa bangon daidai saitin makirufo, faɗin faranti. In manya sun tambaya, ka ce tagar sauti ce, haka ake yi a manyan tashoshi. Sannan ka je ka durƙusa ka ba da haƙuri.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce ta yafe, sai dai rabin matan sun riga sun saba da can, Manu kuma ba zai dawo ba, ita ko kafaɗarta ba ta iya juya hannun inji.

“Kai da ka iya gyara,” ta ce, “gobe ƙarfe shida da rabi.”

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin ƙarni, ƙuraje, kyankyasai, ko ɓacin ran kowace dattijuwa. Mai ƙorafi ya same ni a rumfar Gwaggo kafin labaran safe, ni ne mai ƙurar garin niƙa a gira. Ya zo da niƙansa, don har yau layin bai kai bakin ƙofa ba.