Raɗar da Na Yi a Tsohon Coci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukina yawon buɗe ido ba, duk da na so in manta. Alhaji, mahaifin matata Bilkisu kuma kakan 'yarmu Amira, ya zo mana daga Kano, kuma tun da ya sauka a gidanmu na unguwar Mount Hope a New York nake neman abin da zan burge shi da shi. Sai na yanko mana tikitin jirgin ruwa mai bin kogin Hudson, wanda ke tsayawa a wani tsohon gari mai katafaren cocin dutse.

Ni dai ba ni da natsuwa. New York ta saba mini da sauri, ko lifta ce ta yi jinkiri sai in hau tsaki. Da muka sauka aka ce kowa ya dawo kafin la'asar, jirgi ba ya jiran kowa. Shi ke nan idona ya koma kan agogo.

Alhaji kuwa tsohon ɗan kwangilar gini ne. Yana shiga cocin ya tsaya cak. Ya shafa ginshiƙi, ya kalli rufi, ya ƙwanƙwasa dutse da zobensa yana cewa, "Ikon Allah! Waɗannan ba su yi ha'inci ba." Baturiyar da ke mana jagora ta kai mu wani zagayayyen zaure tana ta bayani kan bangonsa, Bilkisu na fassara wa mahaifinta. Ban ji ko kalma ɗaya ba (ina can ina leƙen taga, ko jirgi ya motsa).

Can na hango Alhaji a ɗaya ɓangaren zauren, ya manna kunne a bango, ba shi da niyyar tafiya. Na janyo Bilkisu gefe, na juya fuskata ga bango don kada kowa ya ji, na raɗa mata:

"Don Allah je ki taho da tsohon nan. Tafiyar hawainiya yake yi, komai sai ya taɓa kamar shi zai saya. In jirgi ya tafi, goya shi zan yi?"

Ta zaro ido, ta kawo hannu za ta toshe mini baki. Kafin ta kai, wata murya ta fito daga cikin bango, daidai kunnena, a natse:

"Baban Amira, ba sai ka goya ni ba. Ga hawainiyar nan zuwa."

Ashe abin da baturiyar ke bayani ke nan: duk raɗar da aka yi a jikin bangon, tana zagayawa ta faɗa kunnen wanda ke can gefe. Wani ɗan Zongo da ke cikin ayarinmu ya riƙe ciki don dariya yana ce mini da irin Hausarsu, "Masa, maigida, yau ka gama yawo!"

Muka isa bakin ruwa muka tarar ko rabin fasinjoji ba su dawo ba. A bakin matakala Alhaji ya matsa gefe ya ce, "Bismillah, wuce gaba. Kai ne mai sauri." Na durƙusa ina ba shi haƙuri, shi kuwa sai dariya yake har da share hawaye.

Yanzu in ƙorafin suruki ya taso mini, ko ni kaɗai ne a mota haɗiye shi nake. An ce baki shi ke yanka wuya. Nawa ko murya bai ɗaga ba ya yanka.